Ruwan Baƙo a Gidan Inna Hajo

Talata, bayan Isha'i

Yau mai son sayen gidan maƙwabciyata Inna Hajo ya zo daga Kamlin. Tun safe nake taya ta shara. Gidan a bakin tur'a yake, babbar hanyar ruwan gonaki, shi ya sa da can kowa ke kwaɗayinsa. Bana kuwa gansakuka ta rufe ruwan, kore shar, ga wari kamar ruɓaɓɓen kifi.

Na ce, "Inna, bari in sayo ruwan gora."

Ta ce, "A'a ɗiyata, baƙo daga randar gida yake sha. Ruwan tur'a ne, amma ai na tace da mayafi."

Ta ɗebo masa a kofi. Mutumin ya kai kofin baki, ya tsaya, ya ajiye a hankali. Bai ƙara leƙa ɗakunan ba. Ya ce ko rabin kuɗin da ta sa wa gidan ba zai iya biya ba.

Da kuɗin nan take son kai mijinta asibiti a Madani. Na so in ji haushin mutumin, na kasa, shi ma yara gare shi.

Da ya fita, Inna ta ɗauki kofin ta shanye, ba ta ko yamutsa fuska ba.