Jirgin Baba Ya Tashi

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa ƙalau, sai Umma da ke ta mitar gam ya ɓata mata teburin falo.

Yaya, albishirinka! Ƙaramin jirgin nan mai rimot da ka aiko wa Baba ya tashi, da idona na gani. Ka san tun da ciwon nan ya taɓa masa ƙafa ya daina fita, wai ba ya son a gan shi yana jan ƙafa. Ni tsorona kada jirgin ma ya ƙare a saman kabad. Ashe kuwa zama ya yi ya haɗa shi. Da ya gama sai ya ɗora fikafikan a kan yatsunsa biyu don ya ga ko nauyin ya daidaita, wutsiya ta rinjaya. Ya tura batir gaba, ya liƙa wani noti a hanci, sai jirgi ya tsaya cak. A nan ne ya ce, kamar da wasa, a kira Kawu Dogo ya kai mu filin ƙwallo. Saura kaɗan in yi guɗa.

Tashin farko dai abin kunya ne, ba zan ɓoye maka ba. Farfela ta ɗauki ƙugi, jirgi ya ruga ya ɗaga, Baba ya danna dama, shi kuwa ya kwanta hagu, sai ga shi tsamo-tsamo cikin ciyawa da bakin fiffike a tsage. Masu ƙwallo duk sun tsaya suna kallo. Na ce shi ke nan, yanzu Baba zai ce a mayar da shi gida. Sai kawai na ji yana dariya har da tari. Wai ashe a gaban jirgin ya zauna ranar da yake saita shi, suna kallon juna, damansa ta zama hagun jirgi. Kawu ya tsokane shi ya ce shekara talatin Baba yana gyaran keken ɗinki, bai taɓa zama ta bayan keke ba, sai a kan jirgi ya yi zaman baibai.

Aka juya saitin, aka naɗe fiffiken da salatif, Baba ya tsaya ta bayan wutsiya ya gwada har ya gamsu. Wannan karon jirgi ya miƙe sama sumul, ya zagaya filin, rana tana ƙyalli a jikinsa. Ni ihu, Kawu ihu, Baba kuwa ko ƙifta ido ba ya yi. Da jirgin ya sauko, can ƙarshen fili ya tsaya. Na yunƙura zan ɗauko, Baba ya riƙe mini hannu ya ce matuƙi ne ke ɗauko jirginsa. Haka ya ratsa filin nan gaban kowa, yana jan ƙafarsa a hankali, ya dawo da shi rungume a ƙirji. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ya ce a gaya maka ka aiko da farfela biyu, don Asabar ma za mu koma. Umma da Kawu Dogo suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan Boɗɗo da Ƙaramin Baba.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta