Yaya, Na Buɗe Kle Ɗinka

Assalamu alaikum, Yaya Sanusi.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba, amma akwai labarin da ban san wanda zan ba in ba kai ba.

Wata bakwai ke nan da muka kai ka makwanci. Ciwon sukari ya same ka a mugun lokaci: sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyakoki, magani ya yi wuya, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya wuni bai zo ba. Ka yi ta ce mana da sauƙi har ranar da ka kasa tashi.

Shagonka na gyaran na'ura da ke bakin kasuwar Filinge yana rufe. Har yanzu malaman lakwal, wato makarantar boko, daga Bonkuku da ƙauyukan Kurfai suna zuwa ran kasuwa da ordinatarinsu, wato kwamfuta, a jaka, su tsaya a ƙofa, sai maƙwabta su faɗa musu. Wasu har gida suke biyowa su yi ta'aziyya.

Matarka Zainabu ta ba ni kle ɗinka baƙi, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin na'ura, wanda kake rataye da shi a wuya. Ta ce hotunan gida duka suna ciki, tana so a wanke mata naka ɗaya, don Nafisa ta shiga shekara biyar kuma ta fara tambayar yadda kamanninka suke.

A nan na yi kuskure, Yaya. Na kai shi wani wurin fotokofi, aka soka shi cikin na'urarsu. Da na dawo gida na buɗe a ordinatarinka, sai na ga kowace jakar ajiya da ke cikinsa ta koma hoto mai ɗan kibiya a gindi. In na danna, babu komai. Na koma wurin mutumin, ya ce birus ne, cutar na'ura, maganinsa kawai a formate kle ɗin, a share komai, a huta.

Saura kaɗan in yarda. Abin da ya tsayar da ni maganarka ce, wadda kake yi wa duk wanda ya shigo shago a ruɗe: "Kada ki share abin da ba ki kwafe ba. Zauna tukuna, ki karanta abin da na'ura ta rubuta."

Na zauna. Na duba, sai na ga kle ɗin yana nuna a cike yake, ke nan kayan suna ciki, ɓoye su aka yi. Na tuna wata rana da ka nuna mini wurin da ake umartar na'ura ta fito da abin da ke ɓoye. Lokacin hankalina yana kan waya, ka ce wata rana zan nema. Sai da na yi kwana biyu ina lalube kafin in gano wurin. Da na danna, jakunkunan suka fito ɗaya bayan ɗaya, dishi-dishi. Nan take na kwafe su wuri biyu, kamar yadda ka saba.

Wajen korar birus ɗin ma na sha wuya. Manhajar farko da na sauke ta ƙarya ce, talla kawai ta cika mini allo da shi. Na cire ta. Na nemi wadda ka rubuta sunanta a bayan littafinka, rezon intanet yana zuwa yana yankewa, sai rana ta uku ta sauka. Ita ta wanke shi.

Hotunan sun dawo, Yaya. Ga na sunan Nafisa, ga na Inna tana sussukar hatsi tana hararar ka. Amma naka guda biyu ne kacal, domin kullum kai ne mai ɗauka.

A ƙasan jakar hotunan na tarar da wani bidiyo da ya ƙi buɗewa. Na'ura ta ce ba ta san irinsa ba. Na gwada manhaja uku, duka suka ƙi. Ta huɗu, wata ta kyauta da ake cewa tana karanta kowane iri, ta buɗe shi, sai dai hoton ya lalace, allo baƙi ƙirin. Sauti kaɗai ya tsira, bai kai minti ɗaya ba.

Kai ne. Kana gwada sabon makirfo. Ka yi tari, ka yi ƴar dariya, sannan ka ce, "Salamu alaikum. Ana ji na? Ana ji na kuwa?" Daga nan ya yanke.

Na yi ta neman abin da zai gyara hoton, ban samu ba. Wani da na tambaya a Yamai ya ce wannan ɓangaren ya tafi. Na haƙura.

Jiya da hantsi na kai musu. Zainabu ta ji sallamarka kawai ta tashi ta shige ɗaki. Nafisa ta matso ta kafa kunne jikin na'ura. Da ka yi tambayar karo na biyu, ta ɗaga murya yadda take yi in tana magana a waya, ta ce, "Ana ji, Baba." Ta tsaya tana jiran ka ci gaba. Na ɗauke ta na rungume.

Allah ya jiƙan ka, Yayana. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da alheri kan duk wanda ka share wa hawaye a ɗan shagon nan. Ya raya Nafisa, ya ba Zainabu da Inna haƙuri, ya sada mu a Aljanna.

Ƙanwarka da ke kewar ka,
Rabi, Filinge.