Rukuni na Uku

Malikanchi, Ikara
4 ga Maris

Zuwa ga aminina Tanko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Indo da jikoki da duk mutanen Likoro. Ni dai ina nan. Tun rasuwar Aishatu gidan ya yi mini faɗi.

Ka ji labarin likitar da aka turo Makarfi ta duba tsofaffin ma'aikatan kamfanin gurzar audugar da muka yi wa dako, ni da kai. Na je. Sunanta Dokta Sadiya, sa'ar autata ce. Ta bayyana mana cewa ciwon baya da kafaɗa da gaɓoɓi kashi uku suke raba shi. Na ɗaya wanda aiki ya jawo, na biyu wanda aiki ya tsananta. Waɗannan za a kai su Zariya a yi musu magani, har tiyata in ta kama. Na uku kuwa tsufa ne, sai haƙuri.

Tanko, a na uku ta sa ni.

Laifin har da nawa. Da ta ce in sunkuya, na cije na sunkuya har ƙasa, idona na ganin wuta. Yaya zan yi nishi a gaban 'yar cikina? Ta nemi katin asibiti na lokacin aiki, babu, don ka sani wajen wanzami nake zuwa a yi mini ƙaho. Sai na miƙa mata takardar yabon nan da Manaja ya ba ni, ta shekara ashirin da takwas ban yi fashin kwana ɗaya ba. Na zaci za ta ga ƙoƙarina. Ashe shaida na ba ta cewa lafiya lau na bar aiki.

Yanzu ta ce za ta sake dubawa in na kawo wanda ya ga rauni a wurin aiki. Kai kaɗai ka rage. Ka tuna ranar da dilar auduga ta zame daga kan mota ta danne ni, ka goya ni zuwa bayan sito, muka ɓoye don kada a sallame ni. Shekara biyu ke nan goshina bai taɓa ƙasa a salla ba. Ba na neman komai sai in yi sujada kafin in mutu.

Ka zo Makarfi ranar Laraba ta sama, don Allah.

Naka,
Mamuda

Malikanchi, Ikara
19 ga Maris

Zuwa ga Tanko,

Ina gaishe ka da iyali. Da fatan ka isa gida lafiya, kuma ƙafar taka ta yi sauƙi. Na gode da ka taso, da mazarƙwailar da ka kawo mini.

Na kwana goma ina juya abin da ka yi. Da likita ta tambaye ka, sai ka dubi cikar ɗakin, ka ga 'ya'yan tsofaffin abokanmu a tsaye, ka gyara hula ka shiga yi mini kirari. Ka ce a duk Ikara ba a yi ɗan dako kamata ba. Ka ce dila ta faɗo mini na karkaɗe riga na ci gaba da aiki. Ka ce tunda kake ba ka taɓa jin na ce wash ba. Ina taɓa ka da sanda, kana ƙara murya.

Na san nufinka. Ba ka so a ji a bainar jama'a cewa an taɓa goya Mamuda kamar jariri, yana kuka. Ka rufa mini asiri, ita kuma ta rubuta abin da ta ji. Ba ta yi zalunci ba. Har ƙofa ta rako ni, tana ba ni haƙuri, tana ce mini Baba.

Ranar Litinin motar Zariya ta tashi. Har da Auwal a ciki, wanda kullum muke yi wa dariya don yana zaryar asibiti da ɗan ciwo kaɗan. Shi yana da kati cike da jaka. Ni da kai muna da mutunci.

Takardar yabon na cire ta daga bango, na toshe ɓular taga da ita. Jiya na yi Juma'a a kan kujera, a ƙarshen sahu, ina kallon bayan mutane suna sauka ƙasa.

Ka ce ba ka taɓa ji ba. To ga shi a rubuce, ka ba wani ya karanta maka da ƙarfi: wash, Tanko. Wash.

Ka gaida Indo.

Naka har yanzu,
Mamuda