An Hana Ni Ganin Ɗan Farina

Zuwa ga Likita Bature mai duba marasa lafiya a Jega. Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya.

Bayan haka, ni ce A'i ta Jiga Birni, uwar saurayin da kuka ajiye saboda taɓin hankali. Sai da na yi furfura na koyi ajami, a yi haƙuri da hannuna. Ina so a karanta wannan a gaban jama'a, domin a gaban jama'a aka ɗora mini laifi.

Na farko. Yaron nan lafiya lau yake kai albasa kasuwar Jega a kan jakuna, har bara da kaka ya fara cewa ana kiransa daga cikin rumbu, kuma 'yan kasuwa na zancensa. Ya daina wanka, yana dariya shi kaɗai. Wasu sun ce iska ce, wasu sammu. Ban yi gardama da kowa ba, na bi duk inda aka ce akwai magani, har na zo gare ka.

Na biyu. Ranar da muka kawo shi ka tambaye ni sunansa, na sunkuyar da kai. Ka ce in zauna kusa da shi, na koma bakin ƙofa. Daga nan tafintanka ya sanar cewa ka gano tushen ciwon: wai uwa mai taurin zuciya ce ta raba yaro da hankalinsa, don bai sami ƙauna yana ƙarami ba. Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Tafintan ya san haka, shi ma uwa ta haife shi, amma ya yi shiru. In kunya ke haukatarwa, da rabin samarin ƙasar nan daga Aliero har Andarai suna ɗaure a turu.

Na uku, kuma shi ne ke hana ni cin abinci. Ka hana ni shiga, ka ba Tumba, yayar mijina, izinin kwana gefensa. Ita aka ba riƙonsa ran da aka yaye shi, bisa al'ada. Na kai mata shi da hannuna, nonona na zuba, ban yi kuka a gabanta ba. Ita ta ji daɗin gwarancinsa. Ita yake kira Inna. Ribar albasarsa ta farko, ita ya saya wa zane, tana nan tana ɗaura shi a asibitinka. Yanzu in ta fito sai ta ba ni labarinsa a tsaye, kamar ana ba baƙuwa, ta ƙara da cewa hannunta kaɗai yake yarda da shi. In dai tarbiyya ce ta jawo ciwon, me ya sa ba a tambayi wadda ta yi tarbiyyar ba? Ita ta sha zumar, ni aka bar wa harbin.

Ban ce na san abin da ya taɓa shi ba. Ina zaton kai ma ba ka sani ba tukuna.

Roƙona biyu ne. Ka janye maganar nan a inda ka faɗe ta, domin mata sun fara janye 'ya'yansu in na zo rijiya. Sannan ka bar ni in zauna bakin ƙofarsa, ba sai na shiga ba. Zan dama masa fura kullum, Tumba ta miƙa masa tunda hannunta yake karɓa. Amma a umarce ta ta faɗa masa wadda ta dama.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa waraka ta zo ta hannunka, ya mayar da kai ga taka uwar lafiya.

Wassalam, daga mai jira a waje,
A'i, Jiga Birni.