Takardar da Na Rubuta wa Sallau

Yelwa, 3 ga Maris, 1969

Yaya Aishatu,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Inna da yara. Bayan haka, Yaya, na yi ɓarna.

Tun da ruwan Kainji ya cinye tsibirinmu, mijina Sallau bai da tsayayyen aiki. Sai muka ji ofishin da ke kula da tafkin na neman matuƙin jirgi mai inji. In bai samu ba, zai bi masunta zuwa Jebba, sai baɗi in gan shi. Ni na rubuta masa takardar neman aikin. Na zuba kalmomi irin na littattafaina, na ce jarumi ne, har na ƙara cewa ya iya karatun boko. Wannan layin ban karanta masa ba.

Ranar ganawa, mutum uku ne bayan tebur. Ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe filafili. Sun tambaye shi babban birnin Ingila, sun leƙa ƙafarsa ko da takalmi. Sai babbansu ya miƙo takardar, ya ce, "Karanta mana."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, matata ce ta rubuta. Ni ban iya ba. In ta ce na iya, so ne ya ɗebe ta."

Suka yi dariya, suka ɗauki wani mai satifiket.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zuliha, ba ki ce musu ina tashi sama ba?" Na fi son ya zage ni.

Ƙanwarki,
Zuliha

Shanga, 12 ga Maris

Zuliha,

Muna lafiya, muna amsawa. Na sha gaya miki littattafan nan za su ja miki. Inna ta ce ki gaishe da Sallau, ta ce mutum ne. Ke kuma ki rage alƙalami, ki ƙara gishiri a miya.

Yayarki,
Aishatu

Yelwa, 25 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Zauna ki ji!

Ranar Litinin mutanen nan uku suka nufi Ngaski da sabon matuƙinsu. Jirgin ya hau kan kukar tsohon garinmu da ruwa ya rufe, ya huje. Sallau na kusa yana jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi. Ya kwashe su cikin kwale-kwalensa, yana ratsa bishiyoyin da ba a gani, yana kiran sunan mai kowace.

Babban nasu ya ce, "Aikin naka ne, kai dai kai mu tudu!"

Kin san abin da Sallau ya ce? "Ranka ya daɗe, mahaifina ya hana ni karɓar alkawarin mutum yana tsakiyar ruwa. In ƙafarka ta bushe, ka sake tunani. Matuƙin nan kuma kada ku kore shi, ba wanda ya nuna masa kukar."

Suka sauka, mutumin ya shiga mota, ya tafi abinsa.

Na yi kuka, na ce ya yar da rabonmu. Daga baya na zauna ina kallonsa yana ɗinkin komar kamun kifi. Yaya, duk jaruman da na karanta, babu wanda zai iya wannan.

Ya ɗaure kayansa. Juma'a za su tafi Jebba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Zuliha

Yelwa, 27 ga Maris

Yaya,

A gurguje. Masinjan ofishin ya zo yau da hantsi. Za a sake ganawa ran Asabar, wannan karon a bakin ruwa. Sallau ya sa na rubuta sabuwar takarda, yana tsaye a kaina: "Sunana Sallau. Ban iya karatu ba. Na san inda kowace bishiya take."

Na roƙe shi in ƙara kalma ɗaya, ya ƙi.

Jirgin Jebba zai tashi gobe ba shi. Ki gaishe da Inna.

Zuliha