Kurman Dallali a Ajin Hauwa

Daren Alhamis, unguwar Nuzla

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan da ɗan ajamina.

Yau jikata Hauwa ta ja ni ajin da take koyarwa in yi musu dallalin gwanjon ƙarshen shekara, tunda a kasuwar gwanjo na tsufa. Ba da riyal ake saye ba, da taurarin da yara suka tara na ƙoƙari.

Da na ɗaga akwatin kalolin zane, sai wata 'yar ƙarama, Zainabu, ta ƙura masa ido, taurarinta kuwa ba yawa. Goshin nan na san shi. Tattaɓa-kunnen Inna Kulu ce, wadda ta ciyar da mu a unguwar Hindawiyya shekarar da babanmu ya rasu.

Zainabu ta taya. Sauran yara suka hau ihu suna ƙari. Na buga sandata, "Halas, an sallama!"

Hauwa ta matso. "Kaka, haram alaik, ba ka kyauta ba, akwai waɗanda suka fi ta tayi!"

Na ce, "Amarya, kin manta mijin naki kurma ne?"

Har gida tana kumbure-kumbure. Ɗazu ta kawo min shayi, ta tsaya can bakin ƙofa ta yi raɗa, "A sa sukari?"

Na amsa kafin in tuna ni kurma ne.