Saniyar da ke cikin salula

Gaya, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Siddo da yara. Ina gajiyar shago, ina zaman Malanbil? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta jin lallashi. Na ba Isufu mai jirgin ruwa wannan takarda, tunda gadar kan iyaka tana nan a rufe tun hawan sojoji mulki. Da na aiko miki saƙon murya, amma na san halinki, a tsakar shago kike kunnawa kowa ya ji. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi aka cire ni.

Na ji saƙonki game da ɗanki Alfari, angona mai ƙafafun sanda, wanda shekara goma sha uku ke nan ina jiran ya ɗinka mini zane. Gaskiya mushensu, malamin ajin nasu, ya faɗa miki: sau uku ana kama shi yana wasa da wayar salula ƙarƙashin tebur, sakamakonsa kuma ya faɗi. Na karɓe salular kamar yadda kika ce, tana cikin adakata. Amma maganar a cire shi daga lakwal, ya bar karatun boko, a kai shi noma wajen yayanki a Karakara, Saratu, ki sake tunani. Shi kaɗai nake da shi a gidan nan. In ya tafi, da wa zan yi faɗa?

Ranar da na karɓe, bai yi gardama ba. Alfarma ɗaya ya roƙa: wai yana da gona a ciki, da kaji da saniya, in riƙa ba su abinci kada yunwa ta kama su. Na yi dariya har da tari. Ya nuna mini inda ake dannawa. Saniyar fara ce mai manyan idanu, in ta ji yunwa sai ta sunkuyar da kai. Na ce to, amana ce, zan duba ta sau ɗaya a yini.

Ki gaida kowa.

Mahaifiyarki,
Jummai

Gaya, 19 ga Nuwamba

Saratu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki karanta wannan ke kaɗai, ki sa ta a murhu.

Sau ɗayan nan da na ce bai yiwu ba. Abin yana kira, 'yata. Kina tsakar tankaɗe sai ki ji ƙararsa daga cikin adaka, wai masara ta nuna, wai saniya tana jira. Ni kuwa da aka rene ni a kan cewa dabba ba ta da bakin kai ƙara sai gaban Allah, yaya zan ji ta in share? Har na tambayi Malam Alassan na masallacinmu ko akwai alhaki a kan mai barin saniyar hoto da yunwa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaya ko ina shan maganina.

Ranar Talata da hantsi na zauna gindin mangwaro in ba ta ciyawa in tashi. Ashe an ƙara mini fili. Na ce bari in shuka. Kafin in gama, kaji sun yi ƙwai. Kiran azahar ne ya ɗago mini kai, tare da muryar maƙwabciyata Tani. Akuyata, ta gaske, mai ciki, wadda tun safe ban ba ta ko ruwa ba, ta tsinke igiya ta faɗa shanyar shinkafar Tani, ta ci ta tattake. Tani ta tsaya bakin zana ta faɗa mini abin da ba zan rubuta ba, kuma duk gaskiya ne.

Daidai nan angona ya dawo daga lakwal, ya tarar da ni da salula a cinya. Ya kamo akuya, ya ba ta ruwa, ya taya Tani kwashe shanya. Da ya gama ya zauna kusa da ni ya ce haka yake ji a cikin aji, mushe yana magana, shi kuwa kunnensa yana wajen saniya. Ya ce ya sha yin niyyar bari, ya kasa, kunya kuma ta hana shi faɗa wa kowa.

Saratu, shekarata sittin da bakwai, na binne miji, na ga yunwa ta gaske, amma kwana goma sha uku kacal abin nan ya ɗauka ya kama ni. Masu ƙera shi sun san aikinsu kamar yadda masuntanmu suka san abin da ake sa wa ƙugiya. Ɗanki ba lalatacce ba ne.

Taki,
Jummai

Gaya, 30 ga Nuwamba

'Yata Saratu,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar zazzaɓin ƙaramar 'yarki, Allah Ya sawwaƙe. Na ga dai takardata ba ta sauya miki ra'ayi ba, don yayanki ya iso ranar Juma'a da babur.

Kafin zuwansa, ni da angona mun sayar da dabbobin gonar kaf, don kada a bar kowa da yunwa, sannan ya goge ta da hannunsa. Ni na kau da kai lokacin sayar da saniya, ba zan ɓoye miki ba. Wasan ƙwallo ya rage a cikin salular, wannan ba ya kiran kowa. Mun yanka masa Asabar da Lahadi, daga la'asar zuwa magariba, a tsakar gida inda nake ganinsa. Makullin adaka kuwa yana hannun Tani, don mu biyu ba abin yarda ba ne.

Yayanki ya ce umarninki ne, kuma shi ma yana ganin fartanya ce maganin yaron. Alfari ya fito da jakarsa, idanu jawur. Sai na shiga ɗaki na ɗauro ƙullin kayana, na fito na haye bayan babur, da gwiwar tawa. Na faɗa masa duk abin da na yi, gaban maƙwabta, na ce in waɗanda abin ya kama ake kwashewa, to mu biyu ne, a fara da babba. Ya roƙe ni in sauka, na ƙi. Tani tana dariya har da riƙe ciki. Ya ce wallahi ba zai ratsa kasuwar Gaya da uwarsa a baya a ce ya kai ta horo ba. Daga ƙarshe ya yarda a jira jarrabawar Disamba, ya ci tuwo, ya koma da ƙullin kifi.

Ba zan yi miki alkawarin zai zo na ɗaya ba, kan nasa irin na kakansa ne. Amma yana buɗe littafi, kuma tare muke fama. Har yanzu da hantsi yatsana yakan yi ƙaiƙayi. Shi ya gane haka, kullum kafin ya tafi lakwal sai ya aje mini ƙwaryar gyaɗa ya ce in ɓare kafin ya dawo. Jiya na tarar ya ƙara mini mudu guda.

Ki bar mini shi, Saratu.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Jummai